C. S. Lewis, Wanda Littafin Almara Ya Share wa Hanyar Bangaskiya

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-13

Iyaye da dattawan ikilisiya da yawa suna damuwa da irin littattafan da matasa ke karantawa a yau, da finafinan da ake yi daga cikinsu. Wasu labaran na jiragen da ke zuwa duniyoyin sama ne, su ake kira ƙagaggun labaran kimiyya. Wasu kuma almara ce, ta dodanni, da mayu, da dabbobi masu magana. Abin ba baƙo ba ne gare mu, gama wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, ya san irinsu. Tambayar ita ce, ya kamata mai bi ya ba da lokacinsa ga labarin da kowa ya san bai faru ba? Bari mu dubi rayuwar wani bawan Allah wanda ya karanta irin waɗannan littattafai tun yana yaro har ya tsufa, ya kuma rubuta goma daga cikinsu da hannunsa.

Gida cike da littattafai

An haifi Clive Staples Lewis ranar 29 ga Nuwamba, 1898, a birnin Belfast, a arewacin tsibirin Ailan. Mahaifinsa Albert lauya ne. Mahaifiyarsa Flora ɗiyar fasto ce, ta kuwa yi karatun lissafi har jami'a. Yana da wa guda, Warren, wanda ya girme shi da shekara 3. Tun yana ƙarami ya ƙi sunan Clive, ya ce a kira shi Jack, sunan da 'yan'uwa da abokai suka riƙe ke nan har mutuwarsa.

A 1905 iyalin suka koma wani babban gida a bakin gari. Littattafai ko'ina suke a gidan, a ɗakin zama, da ɗakin kwana, da kan matakala, ba a kuwa hana yaron ko ɗaya ba. Ƙasar mai yawan ruwan sama ce, yara sukan wuni a ɗaki. Ga shi kuma an haife shi da wata 'yar matsala a babban yatsa, bai iya sassaƙa ko gina abin wasa kamar sauran yara ba. Sai ya koma ga alƙalami. Shi da wansa suka ƙago wata ƙasa ta dabbobi masu sa tufafi, suka kira ta Boxen, suka zana taswirarta, suka rubuta tarihin sarakunanta. Da ya ɗan tasa sai ya kamu da son labaran H. G. Wells na tafiya zuwa wata da na baƙi daga wata duniya.

Akwai wani abu da ya fara samunsa tun a waɗannan shekaru. Wata rana wansa ya shirya ɗan lambu na wasa a kan murfin gwangwanin biskit, da gansakuka da 'yan rassa. Tunawa da wannan lambun ya tasar masa da wani marmari mai ƙarfi, na abin da bai san sunansa ba. Marmarin yakan zo farat ɗaya, ya soke shi a zuci, ya wuce. Ya sake jinsa a cikin tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na dā. Neman inda wannan ƙishirwa take fitowa, shi ya zama babban aikin rayuwarsa.

Yadda ya rabu da Allah

A 1908, yana da shekara 9, ciwon daji ya kama mahaifiyarsa. Yaron ya yi addu'a, ya tilasta wa kansa ya gaskata za ta warke. A watan Agusta ta rasu. Daga baya shi da kansa ya bayyana cewa a lokacin ya je wurin Allah ne kamar yadda ake zuwa wurin boka, a yi masa aiki a sallame shi, ba tare da ƙauna ko tsoron Allah ba. Makonni kaɗan bayan jana'iza aka tura shi makarantar kwana a Ingila, inda shugaban makarantar yake dukan yara ba dalili, mutumin da daga baya aka tabbatar yana da taɓin hankali.

A wata makaranta daga baya abubuwa uku suka taru a kansa. Na fari, ya mai da addu'a kaya mai nauyi, yakan maimaita ta cikin dare har sai ya ji wani abu a jikinsa, in bai ji ba ya sake farawa. Na biyu, wata mai kula da yara, mace mai kirki, ta riƙa ba shi labarin masu kiran ruhohin matattu da asirai iri iri, har sha'awar abin ta shige shi. Na uku, malamansa suna koyar da addinan Girkawa da Romawa a matsayin ƙarya zalla, sai ya tambayi kansa, in dubu ƙarya ne, me ya sa ɗaya zai zama gaskiya? Yana wajen shekara 14 ya bar bangaskiya, ya kuwa ji kamar an sauke masa kaya.

A 1914 mahaifinsa ya kai shi wurin wani tsohon malami, W. T. Kirkpatrick, a ƙauyen Great Bookham. Malamin bai yarda akwai Allah ba, amma gwani ne wajen koyar da tunani. Ba ya barin ɗalibi ya faɗi magana sai ya kawo hujja. A hannunsa Lewis ya ƙware a Girkanci da Latin da muhawara. A ƙarshen shekarar, don tsoron ɓata wa mahaifinsa rai, ya yarda aka tabbatar da shi a coci, ya ci Jibin Ubangiji, alhali bai gaskata da kome ba. Zuciyarsa ta rabu biyu. Abubuwan da yake ƙauna, wato almara da waƙa, ya ɗauke su ƙarya. Abubuwan da ya ɗauka gaskiya kuwa, ya gan su busassu, ba ma'ana.

Littafin tashar jirgi

Wata yamma mai sanyi a watan Maris na 1916, yana da shekara 17, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Leatherhead, ya sayi wani ɗan littafi a wurin mai sayar da jaridu. Sunansa Phantastes, an buga shi tun 1858. Marubucin, George MacDonald, mutumin Sikotilan ne, ya taɓa riƙe ikilisiya a matsayin fasto, ya rasu a 1905. Lewis bai san wannan ba. Shi dai ya ga almara, ya saya.

Labarin na wani saurayi ne da ya farka wata safiya ya ga ɗakinsa ya zama kurmi. Yana cikin yawo ya shiga wata bukka, aka gargaɗe shi kada ya buɗe wata ƙofa, ya buɗe. Sai wata baƙar inuwa ta fito ta manne masa. Duk abin da inuwar ta faɗa a kai, kyansa yakan gushe, abota ta lalace, abin mamaki ya zama abin banza. Bai rabu da ita ba sai da ya ƙasƙantar da kansa, ya zama bara ga wani jarumi, a ƙarshe ya ba da ransa domin waɗansu.

Babu wa'azi a littafin. Amma Lewis ya ji wani abu a ciki wanda bai taɓa ji a sauran almara ba. Sauran sukan sa ya rufe littafi ya ga duniya ta ƙara muni. Wannan kuwa, da ya ɗaga kai, sai ya ga gurasar da ke kan tebur da garwashin da ke murhu sun yi kyau. Sai bayan shekaru ya san sunan abin da ya ɗanɗana, wato tsarki. Ya kwatanta daren da baftismar da aka yi wa idon zuciyarsa, ya ce sauran sassansa sun ɗauki lokaci kafin su biyo. Lokacin kuwa shekara 15 ne.

Yaƙi da jami'a

A 1917 ya shiga jami'ar Oxford, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ci, sai ya shiga soja. Ranar da ya cika shekara 19 ya isa bakin daga a Faransa. Zazzaɓi ya kwantar da shi asibiti, a can ya fara karanta G. K. Chesterton, wani marubuci Kirista, ya ji daɗinsa ko da yake bai yarda da shi ba. A watan Afrilu na 1918 harsashin igwa ya fashe kusa da shi, ya kashe na gefensa, shi kuma ya ji rauni. Abokinsa Paddy Moore ya mutu a yaƙin. Sun yi alkawari cewa wanda ya rayu zai kula da iyayen ɗan'uwansa, Lewis kuwa ya riƙe mahaifiyar abokin nan har ta rasu a 1951.

Bayan yaƙi ya gama karatu da sakamako mafi girma, a 1925 ya zama malami a kwalejin Magdalen ta Oxford. Sai wani abu ya fara damunsa. Marubutan da ra'ayinsu ya yi daidai da nasa, irin su Wells da Bernard Shaw, ya ga rubutunsu ba zurfi, kamar kunun da ruwa ya yi wa yawa. Waɗanda ke ƙosar da shi kuwa, MacDonald, da Chesterton, da John Milton, da George Herbert, duk masu bi ne. Abokansa mafi hankali su ma masu bi ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne J. R. R. Tolkien, ɗan Katolika, malamin harsunan dā, wanda suka haɗu a 1926. Son tatsuniyoyin arewacin Turai ne ya haɗa su. A hankali hujjojinsa suka riƙa zubewa. Wani dare ya durƙusa a ɗakinsa ya yarda Allah Allah ne, ba da murna ba, kamar wanda aka ci da yaƙi. A nasa lissafin 1929 ne, wasu masu binciken tarihinsa sun ce 1930.

Amma bai karɓi Yesu ba tukuna. Abin da ya tsaya masa shi ne giciye. Ta yaya mutuwar wani mutum shekara kusan 2,000 da suka wuce za ta taimake shi yau? Daren 19 ga Satumba, 1931, ya gayyaci Tolkien da wani aboki, Hugo Dyson, cin abinci. Suka fita yawo a harabar kwalejin, hira ta kai su har ƙarfe 3 na dare. Abokan suka nuna masa wani abu game da kansa. In ya karanta tatsuniyar wani allahn arna da ya mutu ya tashi, irin Baldur na mutanen arewa, zuciyarsa takan motsa, ba ya tsayawa neman bayani. In ya tarar da wannan labari a Bishara sai ya toshe zuciyarsa. Tolkien ya bayyana masa cewa mutum yana ƙaga labari ne domin an yi shi cikin kamannin Mahalicci, saboda haka ko a tatsuniyar arna akan sami ɓarɓashin haske gauraye da kuskure. Labarin Kristi kuwa yana kama zuciya kamar waɗancan, da bambanci guda mai girma: shi ya faru da gaske, a ƙasar da aka sani, a zamanin Bilatus Babunti, a gaban shaidu.

Kwanaki kaɗan bayan haka wansa ya ɗauke shi a babur zuwa gidan namun daji na Whipsnade. Da suka tashi bai gaskata Yesu Ɗan Allah ne ba, da suka isa ya gaskata. Ranar Kirsimeti ta 1931 ya ci Jibin Ubangiji, wannan karo da zuciya ɗaya. A nan ya gane ƙishirwar nan ta yarinta. Alama ce a bakin hanya mai nuna wa matafiyi gari, shi kuwa ya yi shekaru yana zaune a gindin alamar.

Tafiya zuwa duniyar Mas

A shekarun 1930 labaran kimiyya da yawa suna koyar da cewa ceton ɗan Adam yana cikin ƙere-ƙere, cewa mutum zai mamaye taurari ya rayu har abada da ƙarfin kansa. Lewis ya tarar ɗaya daga cikin ɗalibansa ya ɗauki wannan a matsayin addini. A lokacin kuma ya karanta A Voyage to Arcturus na David Lindsay. Ya ƙi koyarwar littafin ƙwarai, yana ganinta kusa da ta Shaiɗan, amma ya koyi dabara a ciki, cewa ana iya amfani da wata duniya a yi maganar ruhu. Shi da Tolkien suka shirya kowa ya rubuta irin littafin da yake so ya karanta, Lewis na tafiya sararin sama, Tolkien na komawa zamanin dā. Tolkien bai gama nasa ba. Na Lewis ya fito a 1938 da suna Out of the Silent Planet, wato fita daga duniyar da ta yi shiru.

A labarin, mutum biyu sun sace wani malami mai suna Ransom, suka kai shi duniyar Mas. Ɗaya zinariya yake nema, ɗaya kuma masanin kimiyya ne mai son a share mazauna wurin domin 'yan Adam su zauna. Ransom ya tafi yana tsammanin dodanni, sai ya tarar da jinsi uku na masu hankali suna zaman lafiya, ba yaƙi, ba sata. A harshensu babu kalmar mugunta, sai dai su ce abu ya tanƙware. A wurinsu ya ji cewa tamu duniyar ce ta yi shiru, domin mai mulkinta na ruhu ya tayar wa Mahalicci. Wuri mafi daɗi shi ne inda masanin ya yi dogon jawabi mai manyan kalmomi a kan ci gaba da wayewa, aka sa Ransom ya yi tafinta. Da yake harshen ba shi da kalmomin ɓoye mugunta, jawabin ya fito tsirara: mun fi ku ƙarfi, za mu kashe ku mu ƙwace ƙasarku. An rubuta wannan ne a lokacin da ƙasashen Turai ke mulkin kusan dukan Afirka.

Lewis ya lura cewa cikin kusan mutum 60 da suka yi sharhin littafin a jaridu, 2 ne kawai suka gane akwai koyarwar Littafi Mai Tsarki a ciki. Sai ya gane labari yana shiga inda wa'azi ba ya samun ƙofa. A 1943 ya fitar da Perelandra, inda Ransom ya je duniyar Zara, ya tarar da mace ta fari a can, mai jaraba kuma yana ta lallashinta dare da rana ta karya umarni guda da aka ba ta. Na uku, That Hideous Strength, ya fito a 1945.

A wannan lokaci na Yaƙin Duniya na Biyu ne gidan rediyon BBC ya gayyace shi ya bayyana bangaskiyar Kirista. Ya fara ranar 6 ga Agusta, 1941, jawabi na minti 15, ya ci gaba har 1944. Daga baya aka tara jawaban a littafin Mere Christianity a 1952. Yawancin kuɗin littattafansa ya ba da su a ɓoye ga gwauraye da mabukata.

Zakin Narnia

Tun yana ɗan shekara 16 akwai wani hoto a zuciyarsa, na wata halitta rabi mutum rabi akuya, riƙe da laima, tana tafiya a kurmi cikin dusar ƙanƙara. A 1939 aka kawo yara daga Landan suka zauna a gidansa don gudun bom. Bayan shekaru waɗannan abubuwa suka haɗu, a 1950 littafin The Lion, the Witch and the Wardrobe ya fito, wato zaki, da mayya, da kabad na tufafi. Yara huɗu sun shiga ƙasar Narnia ta cikin kabad. Ɗayansu, Edmund, ya ci amanar 'yan'uwansa saboda alewa da alkawarin sarauta. Bisa ga doka, ran maci amana na mayyar ne. Sai zakin, Aslan, ya ba da kansa a madadin yaron. Aka ɗaure shi, aka aske gezarsa, aka yi masa ba'a, aka kashe shi a kan teburin dutse. Da gari ya waye teburin ya tsage, zakin ya tashi. Littattafai 7 ne suka fito daga 1950 zuwa 1956, an sayar da fiye da miliyan 100 a harsuna da dama.

Me ya sa bai ba da labarin giciye kai tsaye ba? Ya tuna yarintarsa, yadda aka riƙa ce masa dole ya ji tausayin wahalar Yesu, dolen kuwa ta daskarar da zuciyarsa. Ya yi tunanin in aka kai labarin wata ƙasa, inda yaro bai shirya tsare kansa ba, zai iya jin nauyinsa a karo na fari. Abin da annabi Natan ya yi ke nan a karatunmu na yau. Da ya fara da sunan Batsheba, da wataƙila sarki Dawuda ya kore shi. Sai ya kawo labarin attajiri da 'yar tunkiyar matalauci, sarki ya yanke hukunci, sa'an nan ya ga kansa ya yanke wa. A Littafin Mahukunta sura 9 ma, Yotam ya ba da labarin itatuwa suna neman sarki, ba wanda ya ce ya yi ƙarya.

Amsarsa ga masu shakka

Lewis ya sha suka. Tolkien kansa bai so Narnia ba. Wasu suka ce almara gudun duniya ce. Lewis yakan tuna abin da Tolkien ya taɓa nuna masa, cewa wanda ya fi kowa ƙin maganar gudu shi ne gandiroba. A ganinsa labarin da ya fi ruɗin mutum shi ne wanda ya yi kama da gaskiya, na talakan da ya wayi gari attajiri, da manyan otal, da kyawawan mata. Irin wannan yakan bar mai karatu da hassada da raina abin da Allah ya ba shi. Yaro kuwa ya san zomo ba ya magana.

Wasu suka ce dodanni za su tsorata yara. Ya amsa cewa yara za su gamu da mugaye a rayuwa ko an so ko ba a so ba, gara su riga su ji labarin jarumai. A ɗaya daga cikin littattafan akwai yaro mai suna Eustace wanda bai taɓa karanta almara ba, sai littattafan ciniki da magudanan ruwa. Da ya ga kogon dodo bai gane ba, ya kwana a kan dukiyar da zuciyar haɗama, ya farka ya zama dodo. Ya yi ta saɓule fatarsa, wata na fitowa, sai da zakin ya sa farce ya yage ta har ciki.

Maganar sihiri ita ce mafi nauyi, Lewis kuwa bai ɗauke ta wasa ba. A 1923 ya yi kusan mako 2 yana riƙe da wani mutum da ya sani, wanda ya daɗe yana harka da kiran ruhohi, yana ihu cewa ana jansa zuwa jahannama. Bai manta ba. Shi ya sa a littattafansa duk wanda ya nemi asiri don ya mallaki waɗansu, ƙarshensa hasara ne. Ko ƙaramar yarinya Lucy, da ta karanta wani siddabaru don ta ji abin da ƙawarta ke faɗa a bayanta, zakin ya tsawata mata, abotar kuma ta sami tabo.

A 1955 wata uwa daga Amurka ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 9 yana cikin damuwa, yana tsoron ya fi ƙaunar Aslan a kan Yesu. Lewis ya amsa da sauri. Ya bayyana cewa abubuwan da yaron yake ƙauna a wurin zakin, su ne ainihin abubuwan da Yesu ya yi, ya kuma faɗa, saboda haka Yesu yake ƙauna. Ya roƙi yaron ya yi masa addu'a, in littattafan sun cuci wani, Allah ya gafarta masa.

Kwanakin ƙarshe

A 1954 ya zama farfesa a jami'ar Cambridge. A 1956 ya auri Joy Davidman, Ba'amurkiya marubuciya, wadda dā ba ta yarda da Allah ba, littattafansa kuwa suna cikin abin da ya taimake ta. Ciwon daji ya kama ta, ta sami sauƙi na 'yan shekaru, ta rasu ranar 13 ga Yuli, 1960. Ciwon da ya ɗauke uwarsa ya ɗauke matarsa. Ya rubuta baƙin cikinsa ba ɓoyewa, har da lokacin da ya ji kamar Allah ya rufe masa ƙofa. Amma wannan karo bai tafi ba, gama ya riga ya san Allah ba boka ba ne.

A 1961 Yuri Gagarin na Rasha ya zama mutum na fari da ya shiga sararin sama, shugabannin ƙasar suka yi ta cewa ba a ga Allah a can ba. Lewis ya amsa cewa neman Allah a cikin sarari kamar neman marubuci ne a cikin shafukan labarinsa. Ba za ka gan shi cikin 'yan wasa ba, amma kowane layi nasa ne. Ya rasu a gidansa ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ranar da aka harbe shugaba Kennedy na Amurka, saura mako guda ya cika shekara 65. A 2013 aka sa dutsen tunawa da shi a majami'ar Westminster a Landan.

Abin koyi

Ɗan'uwa mai karatu, almara ba ta ceci Lewis ba. Yesu ne ya cece shi, ta wurin Bisharar da ta faru da gaske. Almara ta yi aikin manomi mai kaftu kafin shuka. Ka kuma lura cewa ba kowane littafi ya yi masa amfani ba. Akwai wanda ya tasar masa da sha'awar asiri, akwai wanda ya ɗauki dabararsa ya zubar da koyarwarsa. Littattafan da aka ƙone a Afisa, a Ayyukan Manzanni sura 19, na koyar da sihiri ne domin a aikata, irinsu ba su da wuri a gidan mai bi. Labarin da ya nuna mayya domin a ƙi halinta daban yake.

In ka ga littafi a hannun ɗanka, kafin ka ƙwace, karanta shi. Ka tambaye shi wane ne ya fi burge shi a ciki, da dalili. Ka duba ko labarin yana kiran mugunta da sunanta, ko kuwa yana yi mata ado. Ka duba abin da ya bari a zuciya bayan an rufe shi, ko marmarin gaskiya da jaruntaka da tsarki, ko kwaɗayin iko da raina iyaye. In kuma kana da wanda ya toshe kunnensa ga wa'azi, kada ka fid da zuciya. Tsakanin tashar jirgin nan da ranar da Lewis ya ba da gaskiya shekara 15 ne, MacDonald kuwa ya riga ya mutu bai san abin da littafinsa zai yi ba.

Addu'a: Ya Uba na sama, kai da ka sa ƙishirwa a zuciyar mutum, ka bi da 'ya'yanmu cikin abin da suke karantawa. Ka ba mu hikimar rarrabe mai kyau da marar kyau. Ka tā da marubuta masu tsoronka a cikin harshenmu. Cikin sunan Yesu, amin.